Tabaraun Aro

Zuwa ga ɗiyata abar ƙaunata, Sarkin Tambaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Innarki da duk mutanen gidan da kike zaune. Allah ya ƙara miki basira, ya sa aikin da ya kai ki nesa da mu ya zame miki alheri, ya kuma tsare ki daga sharrin masu hassada, har da na cikin gida, domin yanzu za ki ji cewa akwai su. Mu nan lafiya ƙalau muke. Ƙafar Kaka ta yi sauƙi, har ta koma zagaya gida tana yi wa kowa faɗa, kin kuwa san wannan ita ce shaidar lafiyarta. Ƙaninki ya ci jarrabawa, sai dai rubutunsa har yanzu kamar kaza ta bi ta kan takarda. Babanki ya zo ranar Asabar, ya cinye mana rabin yini da labarinki.

Na zaɓi in rubuto miki da hannu ne saboda na san halina. Idan na kira ki a waya, da na ji muryarki zan ɓige da tambayar ko kina cin abinci, in ajiye wayar ban faɗi abin da ke raina ba. To, ga shi. Kin tuna hutun da kika zo, kika ce in ba ki izini ki zauna a ofishin makarantata ki kalli yadda iyaye ke kawo 'ya'yansu a ɗauka? Na yi dariya a lokacin, na ce ashe karatun tsara ayyuka da aka yi shekara huɗu ana yi zaman kallo ne. Kwana uku kika yi a lungu da ɗan littafinki, ba ki ce uffan ba. A rana ta huɗu kika nuna mini abu biyu: fom ɗina mai shafi huɗu, wanda na yi shekara goma sha tara ina gyara shi tun ranar da na buɗe makarantar, da kuma tabaraun da na ɗaure da zare a kan kantar ofis. Ni kuwa da tabaraun nan nake alfahari. Na lura iyaye da yawa suna cewa sun manta nasu a gida, sai na sayo guda na ajiye don in taimaka musu. Ke kuma kika ce mini, cikin ladabi har da sunkuyar da kai, wai yawancinsu idonsu garau yake, karatu ne ba su iya ba. Wai maganar tabarau ita ce ƙofa ɗaya tilo da suke fita ta cikinta da mutuncinsu, ni kuma na sa kwaɗo na rufe ta. Na ce miki mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kika ce haka ne Goggo, amma wani lokacin mai ɗakin yakan saba da yoyon har ya daina jin ɗigarsa. Ban ji daɗin maganar ba, amma na bar ki kika yi yadda kike so. Kika cire tabarau, kika mayar da shafi huɗu ɗan kati mai tambaya shida, kika kawo benci, kika ce sakatariyata ta fito daga bayan kantar ofis ta zauna kusa da kowane uba ko uwa, ta yi tambayoyin da baki ta rubuta da kanta. Kowa da kowa, likita ne ko ɗan dako, don kada a gane wanda ya iya da wanda bai iya ba.

Bayan kin tafi abin ya yi aiki, kuma a nan ne ciwona ya fara. Iyaye suka riƙa zuwa suna zama a bencin nan kamar gidan ƙanin ubansu, ana hira ana dariya. A taron iyaye da malamai wata mai sayar da yadi ta miƙe ta ce Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ita ce ta mayar da makarantar ta mutane. Ta mutane! To, da can ta aljanu ce? Jami'in da ke zuwa duba makarantu, mutumin da bai taɓa yaba ko allon ƙofata ba, ya ɗauki hoton katinki ya ce zai nuna wa wasu makarantu. Ya tambayi wanda ya tsara, na ce wata ɗiyata ce, na ji harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Wanda ya ƙarasa ni shi ne babanki. Yana zaune a falona yana kaɗa ƙafa, wai ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wace barewar? Shi da ya kawo mini ke kina shekara shida, ba ki san alif ba balle ba'u? Ni na kama hannunki kika riƙe fensir, ni na jure tambayoyinki ɗari a yini har na laƙaba miki sunan da ake kiranki da shi. Kullum ina gaya wa ɗalibaina cewa farin cikin malami shi ne ɗalibinsa ya wuce shi. Ashe faɗar ta fi aikatawa sauƙi. Duk lokacin da na bi ta gaban bencin nan sai in ji kamar yana yi mini gwalo.

Da aka shiga makon ƙarshe na ɗaukar sababbin ɗalibai, sai na samo wa kaina hujja. Na ce katin bai da wurin rubuta abubuwa masu muhimmanci, alhali na san kin ce a bar sauran tambayoyin sai yaro ya fara zuwa. Na sa aka jingine benci a bayan ofis, na fito da fom ɗina, na mayar da tabarau kan zarensa. Sakatariya ta dube ni ta ce to Malama, amma irin “to” ɗin da ake yi wa wanda aka ga zai taka wuta da gangan. Ranar Talata wani mai walda ya shigo riƙe da hannun 'yarsa. Shekararta bakwai, an riga an makara da ita shekara guda, ta sha kitso, tana rungume da sabuwar jaka da babu komai a ciki. Ya tsaya yana waige-waige kamar mai neman wani abu. Ni da kaina na miƙa masa fom da biro. Ya juya shi, ya shafa aljihu, ya ce ya manta tabarau a wurin aiki, zai tafi da shi gida. Ɗiyata, na san abin da kika gaya mini, yana cikin kunnena a lokacin. Amma so nake in nuna cewa ba ki yi daidai ba, ko da sau ɗaya ne. Na tura masa tabaraun na ce ga na aro. Ya sa, ya ƙura wa takardar ido tsawon lokaci, gumi na tsattsafo masa a goshi. Sai yarinyar ta ja rigarsa ta ce da ƙarfi, wai Baba ai kai ba ka sa irin wannan, naka baƙi ne. Ya cire shi a hankali ya ajiye, ya ce bai dace da idonsa ba, ya kama hannunta suka fita. Fom ɗin ma a kan kantar ofis ya bar shi.

Laraba bai dawo ba, Alhamis ma shiru, ga shi ranar Juma'a muke rufe ɗaukar ɗalibai. Idan ta wuce, yarinyar nan sai wata shekarar, in ma uban ya sake yarda ya taka ƙofar wata makaranta. Na kasa koyar da darasi ɗaya yadda ya kamata, jakar nan da babu komai a ciki ita nake ta gani. Da aka tashi ranar Alhamis na ɗauki katinki guda na sa a jaka, na bi kwatancen da sakatariya ta samo mini har rumfarsa. Na same shi durƙushe yana haɗa ƙyauren ƙarfe, abokan aikinsa biyu suna riƙe masa. Ya gan ni sarai, amma sai da ya gama layin da yake yi sannan ya ɗago. Na yi sallama, ya amsa ba yabo ba fallasa. Kafin in buɗe baki ya ce tunda Malama ta zo, ta taimaka ta duba masa ko haɗin nan ya kama da kyau. Na ce ai ni ban san kan wannan aiki ba. Ya ce ba komai, ga tabarau. Ya cire baƙin gilashinsa ya miƙo mini. Kunya ta hana ni ƙi, na sa. Wallahi ban ga komai ba sai duhu, ko hannuna ban gani ba, ina tsaye kamar gunki da jaka a hammata, ina jin mutanen nan biyu suna danne dariya. Sai na ji muryarsa yana cewa, to haka tabarauna ya yi masa, bambancin kawai ni babu 'yata a gefe tana kallo.

Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa samun darasin da ya shige ni kamar wannan ba. Na cire gilashin na ba shi haƙuri, ban yi wani kwana-kwana ba. Na jawo wani tsohon gwangwanin fenti na zauna kusa da shi, na fito da katinki na fara tambaya da baki. Ya shiga amsawa. Ranar haihuwar yarinyar har da ƙarfe nawa ya faɗa mini, ya san alluran da aka yi mata ɗaya bayan ɗaya, ya ce tana tsoron a daka mata tsawa amma ba ta tsoron tartsatsin wuta. Cikin minti biyar muka gama. Ya ce dama maƙwabcinsa ne ya gaya masa akwai makarantar da ba a ba mutum takarda, zama ake yi da shi, shi ya sa ya zo yana neman benci bai gani ba. Ranar Litinin yarinyar ta fara zuwa, tana layin gaba, kuma ta fi ki tambaya, Allah ya ba ni haƙuri.

Benci ya koma wurinsa. Mai waldan ya lura ƙafarsa ɗaya na rawa, ya ce zai ƙera mana na ƙarfe kyauta, wai saboda baiwar Allahn da ta fara kawo bencin. Kin ji ko? Ni na taka har rumfarsa, ni na sa baƙin gilashi aka yi mini dariya, amma benci naki ne. Ba zan yi miki ƙarya in ce na warke ba, da ya faɗa sai da abin ya sake sukata. Sai dai yanzu na san sunan ciwon, na kuma ga wanda yake biyan kuɗin maganinsa idan na biye masa: ba ni ba ce, ba ke ba ce, yarinya ce mai jaka babu littafi. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ga buhu guda daga Goggonki, ki yafe mini.

Tabaraun yana cikin ƙunshin da ke tare da takardar nan, har da zarensa. Ki ajiye a teburinki, ki nuna wa masu koyon aikinki abin da kyakkyawar niyya ke yi idan ba ta zauna ta kalli mutane ba. Sannan wani abu ya hana ni sukuni: idan uba bai iya karanta fom ba, me yake yi da takardar sakamakon da nake aika masa duk ƙarshen zango, shekara goma sha tara? Kada ki gaya mini amsar. Na sayi ɗan littafi irin naki, ranar raba sakamako zan zauna a lungu in yi kallo da bakina a rufe. Idan na gano gyaran kafin ki zo, ki sani har babanki sai ya gaji da jin labarin.

Ki gaishe mini da Innarki da maigidanta, da 'yan biyunta, da maƙwabciyar nan taku da ta yi jinyarki lokacin zazzaɓi. Kaka tana gaishe ki, ta ce ki daina rama. Ƙaninki da sakatariya suna gaisuwa, ita har da cewa in gaya miki ba ta ce komai ba. Allah ya yi miki albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Goggonki, wadda ta fara koya miki riƙe fensir, kada a manta.