Gurbin Ƙafar Inna

Yaya,

Na tafi wurin aiki. Kana barci, ban tashe ka ba, kuma gara haka, don yau bakina ba daɗi.

Jiya na dawo na ga abin da ka sa mai injin gurza ya yi wa daɓen dutsen falo. Wanki kawai muka ce za a yi masa, da sabulu da buroshi mai laushi. Na riga na ci rabinsa a durƙushe, gwiwoyina shaida ne. Kai kuma ka ga ina ɓata lokaci.

To, sannu da ƙoƙari, yana ƙyalli kamar na otal. Amma ɗan gurbin nan na bakin ƙofar kicin, inda ƙafar Inna ta cinye dutsen tun muna yara, an shafe shi sumul. Mai gurzar ya ce kai ka nuna masa wurin, wai rami ne, zai kayar da baƙi. Tun rasuwarta, kullum da safe sai na sa ƙafata a ciki. Yau na sa, ban ji komai ba.

Na wanke ƙurar, na shafa man da ke hana dutse shan ruwa. Kada ka taka sai da yamma, sawunka zai fito. Ka bi ta ƙofar baya. Ai ka san hanyar, ta nan kake sulalewa lokacin da take jinya.

Ƙanwarka