Hasana ta Garin Alabo

Sabo, Ibadan
9 ga Oktoba, 1967

Zuwa ga maigidana, Baban Tagwaye,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya hanya? Tun da sojoji suka ɗauke ka da motarka zuwa wajen Ore, duk jiniyar da ta ratsa unguwar Mokola sai gabana ya faɗi. Mu nan lafiya, sai dai Huseina.

Ba zan ɓoye maka ba. Yau kwana hamsin da rasuwar Hasana, kuma 'yar'uwarta ta ƙi abinci. In na zuba mata tuwo sai ta matsa gefe ta bar wuri a tabarma, ta yi ta kallon ƙofa. Yarinya 'yar shekara huɗu ta koma kamar sillen kara. Iya Sikira mai sayar da tuwon amala ta ce su Yarabawa in ɗan tagwaye ya rasu sassaƙa masa ɗan gunki suke yi, ana yi masa wanka ana ba shi abinci, don kada ya janye na raye. Yayarka Azumi ta ji, ta yi salati har sau uku, ta ce ba dai a gidan ƙaninta ba. Ni ma na ce Allah Ya tsare, amma maganar ta zauna mini a rai.

Na kai ta asibiti. Wata nas ta raba wa yara kwaɓin fulawa su yi wasa kafin layi ya zo, sai ga Huseina ta miƙa hannu, karo na farko da ta nemi wani abu. Kafin mu iso gida hannun ya yi ruɗu-ruɗu, cikin ya kumbura, don ta lashe yatsu. Washegari likita ya ce jikinta ba ya karɓar alkama, ko burodi ko fanke kada ta taɓa. Abu guda da ya ba ta sha'awa, shi ma an hana ta. Tsoro nake ji, Baban Tagwaye. Ka taya mu da addu'a.

Taka har kullum,
Zinariya

28 ga Oktoba, 1967

Maigida,

Ina gaishe ka, yaya gajiya? Saƙonka ya iso ta hannun Malam Shu'aibu, na kuma ga ka ce in daina kuka. Sannu da ƙoƙari, kai da ka yi mako ba ka ci nama ba da kazarka ta mutu.

Na ce tunda kwaɓi take so, zan yi mata wanda ba fulawa. Da garin gero na fara, ya wargaje kamar yashi. Garin kwaki ya ƙi haɗuwa sam. Yaya Azumi ta ce mace da 'ya ba lafiya ta zauna wasan ƙasa, na yi kunnen uwar shegu da ita. A na uku na dace. Garin alabo, wanda a nan ake ce wa lafun, na tankaɗe, na zuba gishiri mai yawa don kada ya yi tsami kuma kada ta ci, na tuƙa a tafasasshen ruwa kamar tuwo, na murje shi da man gyaɗa har ya daina kama hannu. Rabi na ɗiga masa manja, rabi shunin wanki.

Na miƙa wa Huseina, na zaci tukunya za ta yi ko kaza. Mutum ta yi, ɗan ƙarami kamar yatsa, ta naɗa masa zane shuɗi irin na Hasana. Ta zaunar da shi a wurin da take bari a tabarma, ta kai masa loma, sannan ta kai bakinta. Loma tara na ƙirga.

Yaya Azumi ta fito ta gani, ta ɗaga hannu za ta share shi. Sai ta ga maƙogwaron yarinyar yana motsi. Ta sauke hannun, ta shiga ɗaki ta ƙaro miya. In laifi ne ni na yi, ka yafe mini. Ba bauta masa muke ba, Allah shaida.

Matarka,
Zinariya

20 ga Nuwamba, 1967

Baban Tagwaye,

Da fatan wannan za ta same ka lafiya. Yaya Azumi na gaishe ka.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Kwaɓin alabo kwana uku yake yi ya tsage. Duk lokacin da ya fara, sai in jira Huseina ta yi barcin rana in tuƙa sabo in sake yi mata ɗan mutumin daidai, don na ɗauka in ta ga ya karye za ta koma gidan jiya. Sau shida na yi haka. Har hannuna ya saba, na ƙara masa kitso, na yi masa ɗan tabon nan na goshin Hasana.

Ranar Talata na makara a kasuwa. Na dawo na tarar wuyan ɗan mutumin ya ɓalle, Huseina na riƙe da shi a tafin hannu. Na jingina da bango. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce Hasana ta ƙoshi yanzu. Ta ajiye shi bayan randa, ta jawo kwano tsakiyar tabarma ta cinye tas, har da lashe miya. Sannan ta fita wasa da yaran maƙwabta.

Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma da ta fita na sami kaina na ɗora ruwa ina tankaɗen alabo, ba wanda ya tambaye ni. Yaya Azumi ta zo ta karɓi rariyar daga hannuna, ta sauke tukunyar, ta zauna kusa da ni har la'asar. Ashe ba Huseina kaɗai nake yi wa ba.

'Yarka ta yi kumatu, ba za ka gane ta ba. Ni ce sai a hankali. Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Zinariya