Yaya Teunis Ba Ya Kwana Ranar Asabar

Yaya Teunis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Asabar mai zuwa Baba zai cika shekara tamanin. Idonsa ya tafi, ko gilashin ido ba ya ƙara masa komai. Ya ce daga yanzu babban ɗansa ne zai riƙa karanta Littafi Mai Tsarki bayan cin abinci, kuma ranar Lahadi bayan coci yake so ya miƙa maka littafin a gaban kowa. Ka san mu nan, ba a tada mota ranar Lahadi. In ka zo, sai Litinin.

Har gobe bai san kana fitowa a talabijin ranar Lahadi ba, tunda ba ma ajiye akwatin a gida. Abin da ya sani kawai, ɗansa yana birni yana kare ranar Ubangiji. Ni dai na gaji da ce masa mura kake yi duk Lahadin da ba ka nan.

Ƙanwarka,
Geertje

*

Geertje,

Na ga saƙonki, ki gaida mijinki Wout da yara. Haba, sai wannan Lahadin? Ranar za a yi muhawara kan buɗe kantuna ranar hutu. Shekara talatin ina wannan faɗan, muryata ta dushe, yanzu ma kaina ya yi fari. In ban je ba, wani yaro za su ɗora a kujerata, wanda bai iya komai ba sai ihu, bai ma san hanyar coci ba. To wa zai yi magana dominku? Ni ma fa na gaji, har ga Allah. Zan zo Asabar, sauran ki bar mini.

Yayanki,
Teunis

*

Yaya,

Ina gaisuwa. "Ki bar mini" ɗin ke nan? Na gan ka ta tagar kicin ranar Lahadi da sassafe, kana tura mota da hannu har ƙarshen layi don kada a ji ƙarar inji. Babban mutum da kai, da kwat da komai, kana nishi kamar mai tura amalanke. Na so in yi dariya, sai kuka ya zo mini.

Da muka dawo daga coci Baba ya zauna da littafin a cinyarsa, miya tana hucewa. Ya ce, "Ina yayanku?"

Na ce, "Baba, murar nan ce."

Ya ce, "Geertje, idona ne ya mutu, kunnena yana nan."

Ba wanda ya iya cin abinci.

Ƙanwarka

*

Geertje,

Barka da war haka. An ce na yi nasara, har wasiƙun yabo ake ta aiko mini. Ba ni da ƙarfin buɗe su. Don Allah, me Baba ya ce a kaina? Kada ki rage komai.

Teunis

*

Yaya,

Na karanta masa wasiƙarka. Ya ce in gaishe ka da aiki. Ya ce in ka sake zuwa ka tada motarka a ƙofar gida, kada ka karya bayanka a banza.

Littafin kuma ya ba wa Wout.

Ka huta lafiya,
Geertje