Kujerar Mai Fiyano

4 ga Maris

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da mai gidanki da yara.

Yau shekara ashirin da biyu ke nan da uwar ɗakinki Zinariya ta fitar da kaset ɗin “Kar Ka Juyo” ba tare da sunana a bayansa ba. Ni na rubuta waƙar, ni na tsara kiɗanta, ni na kaɗa fiyano. An sa sunan mai ɗaukar hoto. Ke ma da kike ɗinka mata kaya an gode miki. Yanzu kin rubuto wai tana so in kaɗa mata a wasan cikarta shekara arba'in tana waƙa, wai za ta faɗi sunana gaban jama'a.

Wace jama'a? Matar da aka hana sa waƙoƙinta a rediyo sau biyu, ta mari ɗan jarida, ta yi aure huɗu kowanne da abin kunyarsa. Yaran yanzu ba su san ta ba, iyayensu kuma gwiwa ta hana su fita. Ba za ta cika rabin zauren ba.

Ga abin da ba ta sani ba. A baiti na uku akwai inda murya ke hawa sama. Tun tana da ƙarfinta take wahala a wurin. Duk shekara nakan sauke mata kiɗan ƙasa kaɗan ban gaya mata ba, ita tana zaton muryarta ce ba ta tsufa. Yanzu da take shekara sittin da uku, a nan za ta karye.

Ba zan zo ba. Ki gaishe da kowa.

Yayanki

11 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau, yara ma suna gaishe da Kawu.

Na karanta mata wasiƙarka tana tsaye ina gwada mata riga. Dariya ta yi har allura ta soke ta. Ta ce, “Gaya wa Mai Tabarau tun shekarar farko na san yana sauke mini kiɗa. Na yi shiru ne don yana son ya fi kowa wayo.” Sannan ta ce maganar kaset laifinta ne, ba na kamfani ba kamar yadda ta riƙa faɗa.

Tikiti kuwa ya ƙare tun shekaranjiya. Jikata, ɗaya daga cikin yaran da kake cewa ba su san ta ba, da waƙarka take goge-goge a ɗaki.

Ta sa an kawo fiyano irin naka na da. Ta ce ba wanda zai zauna a kujerar sai kai.

Yaya, me ya sami rubutunka? Kai da malamai ke zagayawa da littafinka ana nuna wa 'yan aji. Da kyar na karanta layin ƙarshe.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarka

16 ga Maris

Auta,

Na gaishe ki. Biron ne ba shi da kyau.

Tikiti ya ƙare ne don mutane na son kallon faɗuwa. Na yi karatu daidai gwargwado, na san bambancin farin jini da 'yan kallo. Ki ce ta ba wani kujerar.

Ki huta lafiya.

Yayanki

29 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ko da yake fushi nake da kai.

Tun la'asar zauren ya cika, har da na tsaye jikin bango. A bakin ƙofa wasu na ɗaga kwalaye suna zaginta, ta leƙa ta taga ta ce, “Su ma shekara arba'in suna zuwa, ba su taɓa fashi ba.”

Da aka zo “Kar Ka Juyo”, ta tsayar da makaɗa. Ta faɗi cikakken sunanka, har da na Baba. Ta ce kai ka rubuta, ita ta cire sunanka don kishi. Ta kira ka sau uku tana nuna kujerar. Ba kowa. Sai ta ce to a bar fiyanon haka, ta yi waƙar ba shi.

A baiti na uku ina bayan labule ina kallo. Ta kawo daidai wurin, sai ta juya makirufo wajen jama'a. Mutum dubu uku suka ɗauka, Yaya, suka kai shi can sama inda ka rubuta shi tun farko.

Ta ce wannan ne wasanta na ƙarshe. Me zai rage ka da shi da ka zo?

Ƙanwarka

2 ga Afrilu

Auta,

Na gaishe ki. Ba sai kin ba ni labari ba. Ina layin ƙarshe, kusa da ƙofar fita, na cire tabarau.

Ki lura dai a baiti na uku muryarta ba ta kai wurin hawan ba. A nan ban yi kuskure ba. A kan jama'a ne na yi, kuma ba zan sake faɗa ba.

Na ji kira ukun. A na biyu har na miƙe.

Ba biron ba ne. Shekara shida ke nan hannuwana na rawa, ko maɓallin riga maƙwabcina ke sa mini. Fiyanona yana nan a rufe da zani. Ba zan iya kaɗa ko baiti ɗaya na waƙar ba.

Yayanki