Sifikarka da Na Fasa da Taɓarya

Zuwa ga ƙanena Bashari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa Inna tana nan lafiya, ƙafar ce dai har yanzu. Ƙaninmu Sunusi ma yana nan, kuma a kansa ne zancen da zan yi maka. Na san jama'a za su karanta wannan a shafina. Su karanta, ni dai da kai nake.

Ka san ni ba na kwana-kwana: na fasa sifikarka, kuma da gangan na yi.

Ina tuna ranar da ka kawo ta daga Kano, baƙa, ba ta fi gwangwanin madara ba, kana ta fankama wai ita ba ta jiran waya, da kanta take hawa intanet ta ɗebo kiɗa. Ka haɗa ta da 'yar waifai ɗinka ta aljihu. Tun daga nan, da ka sako ƙafa zaure sai ta yi ƙara, jar wutarta ta koma fara, ta ɗora daga inda ta tsaya. Inna takan ce wannan aba ta fi ka iya sallama.

Sai ranar da ka sauko daga motar Kabo gab da magariba, ka dawo daga aikin sola a Durun, masu ƙwacen waya suka tare ka. Sun soke ka a wuya, sun soke ka a haƙarƙari. Waɗanda suka yi maka wanka sun ce yatsunka duk a yanke suke, don ka riƙe kaifin wuƙar da hannu. Ni na wanke rigarka, Bashari. Na canja ruwa har na gaji bai daina ja ba. Suka tafi da waya da waifai, suka bar ka kwance a bakin kwalbati.

Da zaman makoki ya watse, Inna ta ce tana son karatun Alƙur'anin da kake sa mata da safe. Na sayo sabuwar waifai, na ce ai abu mai sauƙi ne. Ashe sifikar nan ta ɗauko taurin kanka. Na kashe na kunna. Na ajiye su gefe da gefe har suna gugar juna. Na fito da su tsakar gida ko katangar ɗakin Inna ce ke tare sabis. Na sauke manhajarta a wayata, ta ce in sa imel ɗinka da lambar sirri, abin da ka tafi da shi kabari. Ita dai jar wutar sai ƙiftawa take yi.

Muka kai ta wurin mai gyara a kasuwar Gwarzo, ni da Sunusi. Ya jujjuya ta, ya ce lafiyarta lau, waifai guda ta sani a duniya, kuma ita take nema. Ko dai a danne wani maɓalli a ƙasanta a wanke mata ƙwaƙwalwa ta manta da duk abin da ka sa mata, ko kuma tsohuwar waifai ɗin ta zo kusa da ita. Ya ƙara da cewa ɓarayi kan yi wa waya filashin su goge duk abin da ke cikinta, amma irin wannan 'yar na'ura sim kawai suke canja mata su ci gaba da amfani.

Da ma bai faɗi wannan ba. Na ga fuskar Sunusi ta canja. Ya karɓe sifikar daga hannun mutumin, ya ce duk wanda ya taɓa maɓallin nan sai ya karya masa hannu.

Daga ranar Sunusi ya bar gona. Ya sayi fawa bank, ya sa sifikar a jakar goyo, ya sa wuƙar da muke fiɗar layya da ita a gefenta. Ranar kasuwar Kabo yana can, ya bi Gude, ya bi Lakwaya, yana ratsa rumfuna da tashoshin mota a hankali, kunnensa na kan jaka. Na yi masa faɗa, na yi masa kuka, Baffa ya zaunar da shi a zaure ya yi masa nasiha. Amsarsa guda ce: "Ranar da ta yi magana, wanda ke kusa da ni ya gama yawo." Inna ta daina barcin rana. Duk fitar da zai yi sai ta bi bayansa da ido har ya sha kwana.

Ranar da abin ya faru Sunusi ya bar sifikar tana caji a tagar ɗakin Inna, ya tafi sallar la'asar. Ina tsakar gida ina surfen gero sai na ji ƙarar nan. Wutar ta koma fara. Kiɗan kalangun da ka bari a kai ranar da ka fita ya tashi, daidai inda ya tsaya.

Na tsayar da surfen. Wallahi na ɗan lokaci na zaci kai ne za ka shigo.

Na leƙa zaure da taɓarya a hannu. Wani ɗan acaba ne da ban taɓa gani ba, ya kawo Gwaggo daga Gude, yana taya ta shigo da buhun masara. Waifai ɗinka tana leƙowa daga aljihun rigarsa, da jan salatif ɗin da ka naɗe murfinta da shi. Yana goge gumi, ya ce mini sannu da aiki.

Ba zan ɓoye maka ba, na auna ƙeyarsa. Na ga inda taɓaryar za ta sauka, na ji yadda ƙashin zai yi ƙara, kuma raina ya so hakan ƙwarai. Ban san ko shi ya soke ka ba, ko a tebur ya saye ta a hannun wani, kuma a lokacin ban damu in sani ba.

Sai na jiyo muryar Sunusi a bakin lungu yana gaisawa da maƙwabta. An idar da salla. Kalangun yana tashi har waje.

Na juya da gudu. Bugun farko sifikar ta faɗo daga taga tana ci gaba da kiɗa. Na biyu ya tsaga ta. Ban tsaya ba sai da ta zama tarkace, robar tana tsalle tana yankar mini ƙafa, ina dukanta ina kiran sunanka. Gwaggo ta ɗauka aljanu ne suka buge ni. Ko da Sunusi ya shigo, ɗan acaban ya tayar da babur ya wuce ta gabansa, har ya ɗaga masa hannu.

Na sa Gwaggo ta kwatanta wa Baffa tashar da mutumin yake tsayawa, Baffa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai gaba. 'Yan sanda suna tsare da ɗan acaban. Ya ce saye ya yi, ana bin wanda ya sayar masa. Ban san inda gaskiyar za ta tsaya ba.

Da Sunusi ya gane abin da na yi, ya mare ni har kunnena ya yi jini. Ya ce na sayar da jininka. Tun ranar bai ƙara ce mini Yaya ba, ba ya cin abin da na dafa, in na shigo ya fita. Amma ya koma gona, wuƙar kuma Baffa ya kulle ta a akwatinsa.

Ka yafe mini, ƙanena. Ita kaɗai ce abin da ya rage a gidan nan da ke jiran dawowarka, ni kuma na kashe ta da hannuna. Na wanke rigar ƙane ɗaya, ba zan iya wanke ta biyu ba, ba kuma zan iya kai wa Sunusi abinci gidan yari Inna tana kallona ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa jinin da ka zubar ya zama kankarar zunubi a gare ka. Allah Ya tona asirin wanda ya soke ka, Ya hukunta shi ta hannun da ba namu ba. Allah Ya sanyaya zuciyar Sunusi, ko da ba zai sake yi mini magana ba har in iske ka.

Yayarka,
Hafsatu