Gawona Bai Mutu Ba, Ranka Ya Daɗe

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke rubuta ƙa'idojin kare itatuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan an tashi lafiya, ina yi maka sannu da aiki, sannu kuma da sanyin kilima, na'urar nan mai sanyaya muku ɗaki. Sunana Issufu, mutumin Tahoua, mazaunin unguwar Talladjé. Na yi rayuwata ina aikin planto, ina ɗaukar takardu daga wannan biro, wato ofis, zuwa wancan, don haka na san yadda ake haihuwar doka: a rufe ƙofa, a sha shayi, a buga hatimi. Na san kuma zamanin soja ne, kowa ya kama bakinsa. To ni na tsufa, haƙoran da ke tare maganar sun zube.

Na farko. Ina da ɗan fegi a bayan gari, cikinsa gawo uku da na tarar. Da fari ya zo, gero ya ƙone, shanun mutane suka faɗi, gawon nan ne suka riƙe mini awaki da ganyensu da 'ya'yansu. Nonon awakin nan jikokina ke damawa da fura.

Na biyu. Takardarku ta ce icce mai ɗanyen ganye ba a taɓa shi, wanda ba shi da ganye kuwa matacce ne, mai izini ya sara. Madalla da wannan ilimi! Sai dai, ranka ya daɗe, gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Duk tsohuwar da ta taɓa kiwon akuya ta san haka. Ashe cikin kwamitin gaba ɗaya, da tabarau da manyan takardun lakkol na boko, babu wanda ya taɓa zama ƙarƙashin gawo?

Na uku. Da rani na sassabe reshe ɗaya don awaki, yadda ubana ya koya mini, yadda iccen ke ƙara tofo. Gardin daji ya ƙwace gatarina, ya zaunar da ni a rana har la'asar, ni da furfurata, yana karanta mini dokarku da Faransanci. Da aka yi ɗan yayyafin damina, gawo suka tuɓe kamar kullum, sai ga masu kamiyo, babbar motar ɗaukar icce, da takarda mai hatimi. Suka kayar da biyu, da ransu, ina tsaye ina rantsuwa. Wallahi ranar na yi kuka. Wato ni da na yanki reshe ni ne maƙiyin daji, su da suka kwashe iccen har gindi su ne masu bin doka. Watakila ma da shi aka dafa abincin taronku a otel ɗin Gaweye.

Na huɗu. Saura ɗaya, babban, kuma sun shafa masa jan fenti don su dawo. Yanzu yana da ganye, doka na tsaronsa daga gare ni. Ruwan farko na sauka zai zubar, doka ta miƙa shi ga masu gatari. Kun mai da ni mutumin da ke tsoron ruwan sama a shekarar fari, kowa na roƙon hadari ni gabana na faɗuwa.

Roƙona kaɗan ne. A gyara layin nan kafin damina. A goge fentin. In za a sake rubuta wata ƙa'ida, a sa kujera ɗaya ga manomi, ɗaya ga makiyayi, ɗaya ga mace mai neman iccen girki. In kujeru sun yi kaɗan, da tabarmarmu za mu zo. Gatarin kuwa na bar wa gardin.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba mu damina mai albarka. In ka sami sarari ka zo Talladjé tun da rani, ka zauna inuwar mamacin, in ba ka fura da nonon awakin da ya ciyar.

Wassalam,
Issufu, tsohon planto, Talladjé