Zuwa ga Yaya Bukar, Wanda Bai Dawo daga Jado Ba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Yaya, ƙaninka Modu ne ke rubuto maka daga gidanmu na Fagge. Ban san inda zan aika takardar nan ba. Duk direban da zai yi arewa daga tashar Sabon Gari na ba shi kwafi, ko wani zai ci karo da kai ya karanta maka.

Wata goma sha ɗaya ke nan rabona da kai.

Ka tuna ranar da Baturen nan ya ɗauke mu, kai direba ni makaniki, da wani jagora mai nuna hanya, mu kai shi ya ga tsofaffin gidajen da ke manne a jikin dutse a Jado, can gaba da Bilma. Inna ba ta so ba. Ka ce mata ai kakanninmu Barebari ne suka zauna a can, gaisuwa za mu kai.

Da hantsi muka hau. Ɗaki a kan ɗaki, duk na laka, ba rufi, ba kowa sai iska. Ka ga sawun yatsun magini a bango, ka ɗora naka a kai, ka ce, "Modu, wannan hannun irin na Baba ne."

Sau biyu ka ce in sauko. Na ƙi, wai sai na leƙa ɗakin ƙarshe. Matakala ta rufta da ni, ƙafata ta karye.

Da mota ta mutu mana a hanyar dawowa, ni ya kamata in bi jagoran neman taimako, don kai ga ciwon ƙirji, amma karaya ta hana ni. Ka ɗaure mini ƙafa da rawaninka, ka juye mini rabin ruwanka, ka ce, "Kwana uku," ka bi jagoran. A kwana na takwas sojojin Faransa a kan raƙuma suka tsince ni da Baturen. Na tambaye su ko kai ka turo su. Ba su ga kowa ba.

Har yau ban faɗa wa Inna yadda na karye ba. Tana shafa mini man zafi tana sa mini albarka, ni kuwa in kau da kai.

Matarka Falmata ta haifi namiji. Liman ya raɗa masa sunanka, amma Inna ta hana a kira shi da shi, ta ce wannan suna yana da mai shi. Ya fara rarrafe. Falmata ba ta shiga takaba ba, malamai sun ce ta jira. Kullum da la'asar nakan ja ƙafa zuwa kasuwa in tare fataken Agadas, har sun fara kauce mini.

Yaya, in fushi kake da ni, kana da gaskiya. Kada ka zo don ni. Aiko da ko da hularka ce, Inna ta shinshina.

Allah, in yana raye Ka nuna masa hanyar gida. In ya rigaye mu, Ka jiƙansa, Ka turo mana wanda ya binne shi, mu san inda za mu fuskanta da addu'a. Amin.

Ƙaninka da ya ƙi saukowa,
Modu